Uwar Maƙera a Ranar Rabon Gado

Idan Allah ya yi wa mai sana'a rasuwa a cikin birnin Kano, aka share makoki, aka kira malamai masana ilmin mirasi domin raba tarika, akan ga hankalin magada ya tafi ga gida da fili da abin da ke ajiye na kuɗi, amma uwar maƙera da ke girke a zaure, da masaba da awartaki da magagari waɗanda da su marigayin ya ci da iyalinsa shekara da shekaru, sai a tattara su a kira ɗan jari-bola, ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin kilo. A ganina wannan hasara ce babba, ko da yake babu mai shigar da ita cikin lissafin gado.

Wanda duk ya san asalin garin nan ya san cewa a kan sana'ar hannu aka gina shi, domin riwaya ta nuna Abagayawa, waɗanda su ne tushen garin, maƙera ne, kakansu kuwa daga Gaya ya taso neman tama har ya sauka a gindin Dala. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi, ana kuma danganta marinar Ƙofar Mata da zamaninsa. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso a 1851, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne tufafi da takalma da kayan fata na Kanawa, waɗanda fatake ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sunayen unguwanni irin su Lokon Maƙera da Dukawa da Soron Ɗinki shaida ne har yau. To, ƙoshiyar masaƙi da basillar baduku da muciyar marini da zabirar wanzami su suka yi wannan aiki, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kayan kanti suka yawaita, suke ta raguwa a hannun mutane.

Abin mamaki, mu mutane ne da suka san darajar sanadi. Gidan malamai ba ya sayar da kundin kakansa ga mai ƙunshin ƙosai, sai ya adana shi cikin gafaka, ya riƙe sunan wanda ya rubuta da wanda ya karantar. To me ya sa gidan maƙera zai wulaƙanta masabar da ƙotarta ta lotsa daidai tafin hannun uba da kaka, alhali ita ma silsila gare ta? Sana'a ba abin kunya ba ce ga Musulmi, tun da Annabi Dawuda, Alaihissalam, sulke yake ƙerawa yana ci daga guminsa, Annabi Zakariyya kuwa sassaƙa yake yi.

Mai ja da wannan magana zai ce tarika haƙƙin magada ce, a cikinsu akwai marayu da matar da ke jiran tumuninta, ba ya halatta wani ya riƙe kome da sunan begen mahaifi, kuma mai yunwa ba ya cin tarihi. Wannan gaskiya ce, ba na musu. Sai dai shari'a ba ta ce lalle sai an sayar ba. Ana iya kiran masana sana'ar su ƙimanta kayan bisa adalci, ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya fanshi na 'yan'uwansa. Idan kuwa magada baligai ne, suka yarda, suna iya mai da su hubusi ga masu koyon sana'ar a zuriya, domin mazhabar Malikiyya ta halatta hubusin abin da ake ɗauka, kamar littattafai da makamai. Ba kuma neman tabarruki da ƙarfe nake kira a yi ba, Allah ya tsare. Sada zumunci ne da wanda ya riga mu gidan gaskiya, domin duk wanda ya ɗauki gizagon mahaifinsa da wuya bai yi masa addu'a ba.

Wanda kayan suka faɗo hannunsa kuwa, wajibi ne ya cika amana: ya shafa wa ƙarfe mai saboda tsatsa, ya ɗaga ƙota daga ƙasa saboda gara, ya rubuta a takarda, da ajami ko da boko, sunan mai kayan da unguwarsu da wanda ya koya masa sana'a, tun dattawan da suka sani suna raye. A Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin kayan kafinta suna sayensu da tsada, alhali ba su san masu su ba. Mu da muka san namu mun fi cancanta. Abin da gida ya kasa riƙewa, a miƙa shi Gidan Makama tare da tarihinsa, inda 'yan makaranta za su gani.

Roƙona ga malamai da masu unguwanni da sarakunan sana'a, tun daga Sarkin Maƙera, shi ne duk ranar da aka zauna rabon gadon mai sana'a, kafin a kira mai sikeli, a tambayi 'ya'yan mamaci ko akwai mai son kayan aikin ubansa, a kuma ba wanda ke nesa lokaci ya amsa. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu zama magada nagari.