Fitila ba ta jin waƙa, sai an ba ta hannu

Yau maganata da masu shirya wasa ce, da masu ba da hayar kayan sono, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Ku yi haƙuri, zan faɗe ta ba ƙumbiya-ƙumbiya: hasken da kuke sa wa mawaƙanmu a ƙananan wasanni cin mutunci ne. Mutum ya yi wata guda yana gyaran waƙa, ya ɗinka sabuwar riga, ya hau podiyom a MJC ko a filin unguwa, sai ka tarar fitilu takwas suna rawar kansu a bayansa, ja, kore, shuɗi, walƙiya, shi kuwa fuskarsa na cikin duhu. Yana waƙar ta'aziyya, fitila na rawar biki. Mu ƴan rediyo da ake gayyata mu gabatar da wasa muna tsaye a gefe muna kallon abin, kuma mun san dalili: an kunna fitilun, an bar su a kan «oto» ko a kan bin sauti, an koma wajen lasifika. Babu wanda ke riƙe da su.

Abin da ke riƙe fitila shi ne konsol, wannan ƙaramin akwati mai sanduna da ake turawa sama a ja ƙasa. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk kayan wasan shi ne mai araha. Kuɗinsa bai kai na wayar da ke aljihun mai sono ba. Amma mutum zai sayi lasifika ta biyar, ya sayi injin hayaƙi, ya ce konsol sai baɗi.

Bari in ɗan buɗe cikin abin, don wanda bai san yadda yake aiki ba shi ne dillali ke cuta. Kusan duk fitilun wasa na yanzu yare ɗaya suke ji, sunansa DMX512. Wata ƙungiyar ma'aikatan gidan wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ita ta tsara shi a 1986, don konsol ɗin wannan kamfani ya iya magana da fitilar wancan. Waya ɗaya tana ɗaukar kanal 512, kowane kanal kuma yana tafiya daga 0 zuwa 255. Wayar tana fita daga konsol ta shiga fitila ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, haka har ta ƙarshe, kamar raƙuman azalai. Kowace fitila ana ba ta adireshi, watau lambar kanal ɗin da za ta fara saurare. Fitilar LED irin wadda ake kira PAR takan ci kanal uku zuwa takwas: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, ɗaya na ƙarfin haske, ɗaya na walƙiya. Mai juya kai, wadda masu sana'a ke kira lir, takan ci goma sha wani abu. Shi ke nan. Yaron da ya gama koleji zai gane wannan a yini biyu.

To wanne za a saya? Ni ra'ayina a fili yake. Ga mai fitilu huɗu zuwa goma sha biyu, mai yin suwaren biki da konser ɗin ƴan makaranta da gasar waƙa ta unguwa, konsol mai kanal 192 ya wadatar. Shi ne wanda kuke gani a shagunan kayan wuta, wanda ke shigowa daga Sin ta Kano ko ta kasuwar Alaba ta Legas, wani da suna, wani babu. Tsarinsa ɗaya da na Obey 40 na kamfanin Chauvet: maɓalli 12 na fitilu, kowanne da kanal 16, sanduna takwas da shafi biyu, da wurin ajiye tsarin haske 240, rumbu 30 kowanne da takwas. Saboda kanal 16 ɗin nan, adireshin fitilunka zai tafi 1, 17, 33, 49, haka har 177. Wanda ya sa fitila ta biyu a kan 8 ya zo yana cewa konsol ya lalace, konsol lafiyarsa lau. Kuma maɓalli 12 ba ya nufin fitila 12 kaɗai. In ka ba fitilu huɗu iri ɗaya adireshi ɗaya, tare za su tashi tare za su kwanta. Iyakar da ƙa'ida ta sa ita ce na'ura 32 a kan waya ɗaya, in ka wuce nan sai da mai rarrabawa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Rukuni na farko su ne ƴan ordinatar. Suna cewa wa ke sayen akwati a wannan zamani, ga QLC+ kyauta, ka haɗa da ƙaramin kebul na USB, ka yi abin da konsol ɗin miliyoyi ke yi. Gaskiyarsu ta wani fanni: manhajar tana da kyau, kuma ordinatar na da batir. Amma ku zo mu tsaya a fili a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ko a lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina. Mawaƙi ya yanke waƙa a tsakiya don ya gaida wani alhaji da ya shigo, ya juya kiɗa ba sanarwa, kamar yadda mawaƙanmu ke yi tun kaka da kakanni. Kai kuma kana neman kibiya a kan allo. Wasanmu ba a rubuce yake ba, da hannu ake binsa, kuma hannu sanda yake so. Ban da haka, ordinatar ɗin mai sono shi ne dai wanda ake sa waƙa da shi, shi ne wanda ƙanensa ke kallon fim da shi, shi ne kuma abin da ɓarawo ke fara kallo a cikin cunkoso. Wa ya taɓa jin an sace konsol mai kanal 192?

Rukuni na biyu sun fi ban haushi, su ne ƴan a-gan-ni. Mutum na da fitilu shida, ya tafi ya ɗauko jabun babban konsol, kwaikwayon Avolites na Ingila ko grandMA na Jamus, mai allo da maɓallai kamar gaban jirgin sama. Ya ɗauki hoto da shi ya sa a Facebook. Ranar wasa ba wanda ya iya shigar da fitila ɗaya a cikinsa, sai a rufe shi da ƙyalle a koma «oto». Waɗancan na'urori na ainihi an yi su ne don manyan dandali, irin Palais des Congrès, inda akwai fitilu barkatai da ma'aikacin da ya yi shekaru yana koyo. Jabun kuwa in ya tsaya, babu kamfanin da zai amsa maka, babu mai gyaran da ya san cikinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kuɗin da ka zuba a can da ya saya maka ƙaramin konsol biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya, da waya mai kyau, har ka biya yaro.

Ba na ce ƙaramin ba shi da aibi. In lir ɗinka ta wuce kanal 16, zai takura ka, sai ka nemi mai 384 irin Obey 70 da ke ba kowace fitila 32. Juya kan lir a hankali da sanda wahala ne. Sandunan jabun kuma sukan yi sanyi in ƙura ta cika su. Wanda sana'arsa ta kai lir takwas ya wuce wannan aji, maganata ba da shi ba ce.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi a banza: waya. Ƙa'idar DMX ta ce kai mai ƙafa biyar, amma kayan araha duk mai ƙafa uku suke sa wa, irin na mikro sak. Sai mai sono ya ɗebo tsofaffin wayoyin mikro ya jona. Wani lokaci ya yi aiki, in tazarar gajera ce. In ta yi tsawo sai fitila ta fara ƙyafta ido, lir ta fara karkarwa, a ce aljanu ne ko a ce konsol ɗin Sin ne. Wayar DMX an yi ta ne a kan om 120, ta mikro ba haka take ba. Kuma a bakin fitila ta ƙarshe ana toshe bushon, wanda ba komai ba ne illa kan XLR da aka liƙa wa ƙaramin rezistans na om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Duk mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai haɗa maka shi kafin shayi ya nuna. Nawa ne cikin masu sonon garin nan ke da shi a jaka? Ku amsa wa kanku.

Sai kuran. Ba sai na tuna wa kowa abin da muka gani daga watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Yawancin ƙananan wasanni da gurup ake yin su, gurup kuma in lasifika ta buga ƙasa sai wutarsa ta yi sama ta yi ƙasa. Abin da ke fara ƙonewa shi ne ƙaramin cajan konsol. Ka saya biyu tun ranar farko, ka sa konsol a bayan regilatar, kar ka haɗa shi ralonji ɗaya da injin hayaƙi. Alherin LED shi ne ba ta cin wuta: tsohuwar PAR 64 ɗaya wat 1000 take sha, yau da wannan wat ɗin za ka haska podiyom gaba ɗaya.

Amma duk wannan shiri, don mi? Don a ga fuskar mutum. Nan ne nake roƙon ku ku tsaya. Fatarmu baƙa ce, kore a kanta yana mai da mutum kamar wanda ya tashi daga jinya, shuɗi kaɗai kuma yana shafe shi gaba ɗaya. Farin da ake haɗawa da ja da kore da shuɗi shi ma fari ne mai sanyi marar rai. A cikin fitilunka ka ware biyu masu farin gaske ko ruwan zuma, ka ɗaga su a gaba, dama da hagu, su sauko kan fuska a karkace, ka ba su maɓallinsu su kaɗai a konsol, kar su mutu sai waƙa ta ƙare. Launuka su tsaya a baya. Tsari biyar ko shida sun ishe ka dare guda: na magana, na waƙa mai sanyi, na rawa guda biyu, na shigowar baƙo, da duhu. Ku tuna yau wasan da aka yi gaban mutum ɗari biyu, dubbai ne za su gan shi a waya washegari. Bidiyon nan shi ne takardar neman aikin mawaƙi. In fuskarsa ba ta fito ba, kun ci kuɗinsa kun kuma rufe masa ƙofa.

Walƙiya kuwa ba abin wasa ba ce. Akwai masu farfaɗiya da haske mai ƙyaftawa ke tayar musu da ciwo. A watan Disamba na 1997 a Japan, wani shirin yara na Pokémon ya kai yara fiye da 600 asibiti saboda walƙiyar ja da shuɗi ta ƴan daƙiƙu. Ƙa'idar talabijin a Ingila ma ta hana ƙyaftawa fiye da sau uku a daƙiƙa. Mu nan muna sakin ta minti goma a kan taron da ke cike da yara da mata masu goyo, don kawai fitila na kan bin sauti kuma ganga ba ta tsaya ba. Da konsol, walƙiya maɓalli ce da mutum ke dannawa daƙiƙa biyu ya saki.

Wanda ya yarda zai saya, kar ya saya a cikin kwali. Ka tafi shago da fitilarka ɗaya da wayarka. Ka tura kowace sanda daga ƙasa har sama, ka ga lambar na tafiya daga 0 zuwa 255 ba tsalle. Ka ajiye tsari ɗaya, ka cire wuta, ka ƙirga goma, ka mayar, ka ga ko yana nan. Ka danna maɓallin duhu. Ka duba bayansa ko akwai ɗan makunnin juya ƙafa ta 2 da ta 3, don wasu fitilu a juye suke zuwa. Ka rage hasken fitilar zuwa rabi ka ɗauke ta da kamarar wayarka: in ka ga layuka na gudu a hoton, laifin fitilar ne, kar ka ƙara sayen irinta. Mai shagon da ya hana ka gwaji, ka gaishe shi ka wuce na gaba.

Sannan, ranka ya daɗe mai sono, yaron nan da ke ɗaukar maka lasifika yana naɗe waya, ka zaunar da shi gaban akwatin sati biyu kafin wasa, ka ba shi waƙoƙin ya saurara, ka kuma rubuta kuɗinsa a cikin lissafin da kake miƙa wa mai biki, layi guda, kusa da na mai kiɗa.