Daga Amarawa Zuwa Konni: A Daina Mayar da Lamba da Kwanan Wata Rubutu Tun a Rumbun Bayanai

Daga Amarawa, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, tafiya kaɗan ce zuwa Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar. Hausa ake yi a nan da can, agogo ma ɗaya ne, amma rubutun lamba ya bambanta. Wanda ya yi boko da Faransanci zai rubuta sefa dubu ɗaya da ɗari biyar a matsayin 1 500 ko 1.500, yayin da ɗan Najeriya zai rubuta 1,500. Kilo goma sha biyu da rabi 12,5 ne a Konni, 12.5 a Illela. Ko a baki akwai bambanci: dala ashirin sefa 100 ce, jika ɗaya sefa 1,000, alhali jaka a wurin tsofaffin 'yan kasuwar Najeriya naira 200 ce.

Dillalin albasa ko ɗan canji ba ya ruɗewa, domin ya san da wa yake magana. Manhaja ba ta san wannan ba. Yanzu da littafin bashi, rajistar ƙungiya da lissafin mai POS suka koma cikin waya, abin da ake yi wa kallon kwalliyar rubutu ya zama maganar kuɗi da takardun shaida. Ka'idar da ya kamata kowane matashi mai rubuta manhaja ko mai shigar da bayanai ya riƙe ita ce: a adana kuɗi a matsayin lamba, kwanan wata a matsayin kwanan wata, a bar sa waƙafi da alamar naira sai lokacin nuna wa mutum.

Kusan kowace manhaja tana da rumbun bayanai a bayanta. A wayoyin Android akwai wani ƙarami mai suna SQLite, manyan shafuka kuma suna amfani da irin su MySQL, PostgreSQL da Oracle. Ana ciro bayani daga cikinsu da umarnin SQL, kuma kowanne yana da hanyar mayar da lamba ko rana ta koma rubutu: TO_CHAR a PostgreSQL da Oracle, FORMAT da DATE_FORMAT a MySQL, strftime a SQLite. Da su ne 12500 ke komawa ₦12,500.00 a kan rasit. Matsalar tana farawa ne idan aka yi wannan sauyin da wuri, sannan aka ci gaba da lissafi a kan abin da ya riga ya zama rubutu.

Kwamfuta tana jera rubutu harafi bayan harafi, kamar ƙamus. A ɗauka mai shago yana bin mutum uku bashi: naira 9,000, 85,000 da 120,000. Idan lambobi ne, mai 120,000 ne zai zo a sama. Idan an riga an mayar da su rubutu, mai 9,000 ne zai hau, domin 9 ta fi 8, ta fi 1. Tarawa ta fi muni. Idan aka ba MySQL rubutun 12,500 aka ce ya yi lissafi da shi, zai karanta 12 ya tsaya a waƙafi. Ba zai ƙi aikin ba, ɗan gargaɗi kawai zai bari a inda mai shago ba zai taɓa gani ba. Haka 1.500 ɗin abokin ciniki na Konni, idan aka kwafe shi daga WhatsApp zuwa takardar lissafi mai tsarin Najeriya, ya zama ɗaya da rabi.

Kwanan wata ya fi haka tarko. 03/04/2025 ita ce 3 ga Afrilu a Najeriya da Nijar, amma a Amurka 4 ga Maris ce, kuma manhajoji da yawa da tsarin Amurka suke zuwa. Daga 13 ga wata zuwa sama kuskuren yakan tona kansa, tunda babu wata na 13. Daga 1 zuwa 12 kuwa shiru ake yi, rana ta koma wata, wata ya koma rana. Idan aka cire ranaku 12 da lambobin biyu suka zo ɗaya, kamar 05/05, ranaku 132 ne a kowace shekara za a iya karanta su ta fuska biyu. Jerawa ma ba ta tsira ba: a matsayin rubutu, 05/01/2025 za ta riga 28/12/2024, sai bashin bana ya sha gaban na bara.

Wannan ya wuce shago. Tun 2014 bankuna ke aiki da BVN, a Disambar 2020 hukumar NCC ta ce a haɗa kowane layi da NIN, daga 2021 kuma JAMB ta wajabta NIN ga masu rubuta jarrabawarta. Duk waɗannan rumbuna ne da ake kwatanta su da juna. Wanda aka haifa 7 ga Fabrairu, idan wani fom ya juya masa ita zuwa 2 ga Yuli, a wurin na'ura ya zama mutum biyu, kuma shi ne zai yi ta zirga-zirgar gyara, ba wanda ya tsara fom ɗin ba.

Akwai kuma kuskuren da yake kishiyar wannan: ɗaukar abin da ba lamba ba a matsayin lamba. Lambar waya, lambar asusun banki mai alƙaluma 10, NIN da BVN masu 11, duk sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma. Ba wanda ke tara lambobin waya biyu. Idan aka adana su a matsayin lamba, sifilin farko zai faɗi, 0803 ta koma 803, asusun da ya fara da sifili ya dawo alƙaluma tara. Excel yana nuna lambar da ta kai alƙaluma 12 a taƙaice, shi ya sa layin da aka rubuta da 234 a gaba yake fitowa kamar 2.34803E+12, kuma ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 daidai. A garin kan iyaka, inda mutum ke da layin Najeriya mai +234 da na Nijar mai +227 da alƙaluma takwas, hanya mafi aminci ita ce a adana lambar a matsayin rubutu tare da lambar ƙasarta.

Ba 'yan koyo kaɗai abin ke kayarwa ba. Wani bincike na 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun kimiyyar ƙwayoyin gado da aka duba suna ɗauke da sunayen da Excel ya mayar kwanan wata, irin su SEPT2 da ya koma 2 ga Satumba. A 2020 sai da kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya sauya wasu, MARCH1 ya zama MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya ba da damar kashe wannan sauyin na kai tsaye.

Masu rubuta manhaja suna da hujjarsu: tsara rubutun tun a cikin umarnin SQL ya fi sauƙi, wuri ɗaya ake gyarawa, kuma rahoto yana fitowa a shirye. Gaskiya ne idan abin da za a fitar shi ne na ƙarshe, kamar rasit ko saƙon tes. Amma da zarar wata manhaja za ta karɓi sakamakon, ko za a jera, a tara, a kwatanta, sauƙin ya zama bashi. Rumbun bai san ko wayar da ke tambaya a Turanci take ko a Faransanci ba, wayar ce ta sani. Sannan idan aka sa sauyin a cikin sharaɗin nema, sau da yawa rumbun ba ya iya amfani da fihirisarsa, sai ya bi layuka ɗaya bayan ɗaya, manhajar ta yi nauyi.

Inda dole ne rana ta zama rubutu, kamar a SQLite da ba shi da nau'i na musamman na kwanan wata, akwai tsarin ISO 8601 tun 1988: shekara, wata, rana. 2024-12-28 tana rigar 2025-01-05 ko a jerin ƙamus, kuma ba a karanta ta ta fuska biyu. Kuɗi kuma a raba shi gida biyu, adadin a gida ɗaya, naira ko sefa a ɗayan.

Mai waya ma yana da abin yi. Ya duba harshe da yankin da aka saita wa wayarsa da Google Sheets ɗinsa. Kafin ya shigar da lambobin waya ko na asusu, ya mayar da layin gidajen zuwa tsarin rubutu. A takarda ko a saƙo, ya rubuta sunan wata, 3 ga Afrilu 2025, maimakon 03/04. Idan a kafe ake cika masa fom, ya karanta ranar haihuwarsa da idonsa kafin a tura. Wanda kuma zai ba da kuɗi a rubuta masa manhajar shago, ya gwada ta da 9,000 da 120,000, da rana ɗaya a Disamba ɗaya a Janairu, da layin Nijar guda. Tun ran gini tun ran zane: idan ta faɗi wannan gwajin, kada a zuba mata littafin bashi.