Gwanjon intanet: kada zafin tayi ya cinye kuɗin cefane

Akwai masu sha'awar harhaɗa ƙananan jiragen sama da motocin yaƙi na roba, irin waɗanda kamfanin Airfix na Ingila da Tamiya na Japan ke ƙerawa. Sha'awa ce mai koyar da haƙuri, ba mu ga aibunta ba. Abin da muke jiye musu tsoro shi ne gwanjon eBay, inda mutum kan shiga neman rahusa ya fito da bashi.

Da zarar wani ya ɗara tayinka, sai ciniki ya koma kokawa. Ka manta da kayan, kana neman ka da abokin hamayya. Wani lokaci ma mai tayin ɗan koren mai kaya ne, wato najashin da Shari'a ta hana.

Shawararmu ita ce: ku duba nawa aka riga aka sayar da irinsa. Ku haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan, ku yanke iyaka tun kafin ku taya. Mai yagaggen kwali ya fi araha, muddin an nuna muku hoton sassansa cikakku. Idan tayi ya wuce iyakarku, ku janye. Kamfanonin nan sukan sake fito da tsofaffin samfura. Gobe ma akwai gwanjo, amma iyali yau za su ci abinci.