"Ba mu hana ba, mun dai dakatar"

Duk sanda manyan duniya suka ƙaƙaba ma wata ƙasa takunkumi, magana guda suke maimaitawa: abinci da magani ba su ciki. Malamai da iyaye, kada wannan daɗin baki ya ruɗe ku. Ku tambayi mutanen Iraƙi.

A watan Agustan 1990, bayan Saddam Husaini ya mamaye Kuwait, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudiri mai lamba 661, ya kafa wani kwamiti mai kujeru 15 a New York. Daga ƙarshen 1996 aka bar Iraƙi ta sayar da man fetur don sayen abinci da magani, amma takardun cinikin sai sun bi ta teburin kwamitin nan. Ƙasa guda tak ta isa ta tsayar da kaya. Ba sai ta ce a'a ba. Ta ce "a dakata", shi ke nan, takarda ta kwanta wata da watanni, babu wa'adi, kuma ƙofa a rufe ake zaman. Amurka da Ingila su suka fi yin haka. Zuwa 2002, kayan da aka dakatar sun kai kusan dala miliyar 5.

Hujjar a kullum ita ce soja ma zai iya amfani da kayan. Da wannan hujja aka riƙe kayan gyaran famfo da na lantarki, har allurar rigakafin yara an taɓa riƙe ta. To mene ne a duniya soja ba zai iya amfani da shi ba? Buhun alkama ya wuce, injin tace ruwa ya tsaya, yaro ya ci gurasa ya sha gurɓataccen ruwa, gudawa ta ɗauke shi. Kowane malami ya san wannan wayo: a ba ka alli, a riƙe allo, sannan a rubuta cewa an kai kayan aiki makaranta.

Wani zai ce ai Saddam azzalumi ne. Haka ne, kuma ya yi nasa ha'incin cikin shirin. Amma shi bai taɓa kwana da yunwa ba. Denis Halliday, jami'in Majalisar mai kula da agaji a Bagadaza, ya ajiye aiki a 1998. Wanda ya gaje shi, Hans von Sponeck, ya bi sahunsa a 2000. Su ba yaran Saddam ba ne.

Mu ma mun ɗanɗana. Daga ƙarshen Yulin 2023, da CEDEAO ta rufe mana iyaka, motocin abinci da magani sun yi jerin gwano a Malanville, iyaye suna zagaya kantunan magani. A Disamban 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙudiri na 2664, wanda ya keɓe ayyukan agaji daga takunkumin toshe kuɗi. Takunkumin Majalisar kawai ya shafa. Na maƙwabtanmu bai shiga ciki ba, sai da muka kai 24 ga Fabrairun 2024 kafin su ɗage shi.