BA GIRIN-GIRIN BA, TA YI MAI

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata gardama da ta ƙi tsufa a tsakaninmu. Duk inda 'yan sashen kimiyya suka taru, ko a ɗakin kwana ko a inuwar dogon yaro bayan an fito daga lacca, ba a jimawa sai wani ya tono ta: wai wane ne ya fi kowa a fagen ilmin Fiziks? Wannan ya ce Newton, wancan ya ce Einstein, na gefe ya dafa ƙirji ya ce ba a taɓa yin kamar Hawking ba. Amma ka tsare mai dafa ƙirjin ka ce ya faɗa maka abin da gwanin nasa ya gano, sai ka ga ya shiga sosa ƙeya. Ya san fuskar, ya san sunan, ya ga hoton a wayarsa sau ɗari. Aikin kuwa, oho.

Ni a ganina wannan gardamar maroƙa ce, domin maroƙi shi ne ke auna mutum da yawan bakin da ke ambatonsa. Da a hirar dare abin zai tsaya, da na ja bakina na yi shiru. To, amma mu ɗin nan mu ne gobe za mu zauna a ma'aikatun ilmi da na kuɗi. Mu za a kawo wa takarda mu sa hannu a kan wanda za a ba kuɗin bincike, da malamin da za a ƙara wa girma, da sunan da za a liƙa a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Wanda bai iya rarrabe gwani da mai suna ba tun yana ɗalibi, ranar da ya hau kujera dukiyar talakawa zai kwasa ya miƙa wa mai baki.

Ma'aunin da nake kira a riƙe guda ɗaya ne, ba shi kuwa da wuya. A goge sunan mutum daga kan aikinsa, a tuɓe masa rawani da digirori, a ajiye aikin shi kaɗai a ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Shin baƙon da bai taɓa jin labarinsa ba, kai ko da maƙiyinsa ne, zai iya maimaita gwajin ya sami abin da ya samu? Shin waɗanda suka zo daga baya sun sami wurin aza tubali a kan ginin? In haka ne, mutumin gwani ne ko da maƙwabcinsa bai san sana'arsa ba. In ba haka ba, to, ko da tambari ake buga masa, mai suna ne kurum.

Mu fara da Einstein ɗin da kowa ke fakewa da shi. A shekarar 1905, yana ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a ƙasar Suwizalan, ya fitar da takardu huɗu waɗanda suka sake wa ilmin Fiziks alƙibla. Mutanen kan titi ba su ma san ana yi ba. Sai bayan shekara 14, ranar 29 ga Mayu 1919, aka yi husufin rana. Wani masanin taurari na Ingila, Arthur Eddington, ya zo tsibirin Principe, nan kudu da gaɓar tekun Nijeriya, ya ɗauki hotunan taurarin da suka bayyana a gefen rana, wata tawagar kuma ta yi haka a Birazil. Da aka auna, sai aka tarar hasken taurarin ya karkace sa'ad da ya gifta ta kusa da rana, kamar yadda lissafin Einstein na 1915 ya faɗa. Aka ba da sanarwa a Landan cikin watan Nuwamba, nan da nan sunansa ya game duniya. To, ina tambaya: Einstein na 1918 ya gaza na 1920 ne? Ko kusa. Mutumin guda ne, aikin guda ne, 'yan jarida ne dai suka makara. Girmansa ya riga sunansa zuwa, rana da taurari ne kuma suka yi masa shaida, su kuwa ba su karɓar goro.

Yanzu a shiga aji a tambaya wane ne John Bardeen, a ga hannu nawa zai tashi. Alhali kuwa shi kaɗai ne ya taɓa karɓar kyautar Nobel ta Fiziks har sau biyu. Ta farko a 1956, tare da Walter Brattain da William Shockley, saboda binciken da ya haifi taransista a 1947. Ta biyu a 1972, saboda bayyana dalilin da ya sa wasu ƙarafa, in an sanyaya su matuƙa, wutar lantarki kan ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Rediyon da manomin Shagari ke rataye da shi a gona, da wayar da ɗan kasuwar Boɗinga ke karɓar kuɗi da ita, duk a kan taransista suke tafiya. Ban raina Hawking ba, masani ne na haƙiƙa. Lissafinsa na 1974, cewa baƙaƙen ramukan sararin samaniya suna fitar da wani ɗan zafi, aiki ne mai zurfi, ko da yake har yau babu na'urar da ta kama wannan zafin. Amma abin da ya kai sunansa kasuwa shi ne littafin da ya rubuta wa jama'a a 1988, da jarumtar da ya nuna a kan cutar da ta shanye masa jiki. Duka biyun abin yabo ne. Sai dai mai sa shi gaba da Bardeen don ya fi ganinsa a talabijin, talabijin yake aunawa.

Kada wani ya ce to shi ke nan, sai mu riƙi kyautar Nobel ta zama mudu. Ita ma mutane ke raba ta. Lise Meitner, wadda ta tsere daga Jamus ta Hitler a 1938, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch ne suka fara bayyana yadda cibiyar ƙwayar zarra ta yuraniyam ke tsagewa gida biyu ta saki makamashi. Da aka zo rabon kyautar ilmin sinadarai ta 1944, abokin aikinta Otto Hahn aka ba shi kaɗai. Kyautar ta tsallake ta, amma duk tashar nukiliya da ke aiki a duniya a kan bayanin nan take tsaye.

Sai mu juya ga masu suna ba aiki. A 1903 wani farfesa mai mutunci a jami'ar Nancy ta Faransa, René Blondlot, ya yi shelar ya gano wani sabon haske, ya raɗa masa suna hasken N. Masana da dama suka ce su ma sun gan shi, aka dinga buga takardu. A 1904 wani Ba'amurke, Robert Wood, ya kai masa ziyara. Ana cikin gwaji a ɗaki mai duhu sai ya lallaɓa ya zare wani ƙarfe mai kusurwa uku wanda in babu shi gwajin ba ya yiwuwa. Maigidan ya ci gaba da karanta awon haskensa kamar ba abin da ya faru. Ba lalle ne ƙarya ya shirya ba, idonsa ne ya ga abin da zuciyarsa ke so. Haka kuma ranar 23 ga Maris 1989, Stanley Pons da Martin Fleischmann suka tara manema labarai a jami'ar Utah ta Amurka, suka ce sun haɗa cibiyoyin ƙwayar zarra a cikin kwalba a kan tebur, watau irin aikin da ke hura wutar rana. Jihar Utah ta ware dala miliyan 5. Manyan ɗakunan bincike suka gwada suka kasa samun abin da aka faɗa, cibiyar da aka buɗe don aikin kuma aka rufe ta a 1991.

Mu ma nan gida ba mu tsira ba. A farkon shekarun 2000 jaridun Nijeriya sun yi ta yayata labarin Dokta Gabriel Oyibo da ƙa'idarsa mai suna GAGUT, wadda aka ce ta warware abin da ya gagari Einstein, har ana cewa an gabatar da sunansa don kyautar Nobel. Kaɗan ne suka tsaya suka tambaya ta yaya aka sani, alhali kwamitin Nobel kan rufe sunayen waɗanda aka gabatar har tsawon shekara 50. Ga shi an haura shekara 20, ƙa'idar ba ta shiga littattafan da ake koyar da Fiziks da su ba. Ni masu tafi na fi ganin laifinsu, domin da'awa kowa na iya yi, amma tambayar hujja aikin mai ilmi ne.

Na san abin da za a ce. Za a ce hassada ce, baƙar fata na bukatar gwarzon da zai yi alfahari da shi, yaro kuma ba ya sha'awar karatu sai ya ga wanda ake yabo. Na yarda yabon gwani ya zama dole, amma fa gwani aka ce. Suna yana da amfani in ya faɗa hannun mai aiki. Abdus Salam na Pakistan, wanda rashin abokan bincike ya tilasta wa barin Lahore, da martabarsa ya kafa cibiyar nazarin Fiziks a Trieste ta Italiya a 1964, don masanan ƙasashe matalauta su sami wurin zuwa su wasa ƙwaƙwalwa su koma gida. Ya karɓi Nobel a 1979, a 1983 kuma aka gano ƙwayoyin da ƙa'idarsu ta yi hasashe. Amma yaron da aka jawo da labarin ƙanzon kurege, darasin da zai ɗauka shi ne baki ya fi ɗakin gwaji riba. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ranar da furen ya kaɗe kuwa, ɗan Nijeriya na gaba da zai fito da aiki na gaskiya shi zai sha kallon raini.

Abin takaicin shi ne wannan ma'auni ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. A Boɗinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, har ake ce masa Mai Boɗinga, sa'ad da yayansa Shehu Usmanu ke Sifawa. Shi ne wanda, wajen 1807, da ya ga jama'a sun fara karkata ga neman mulki da abin duniya, ya juya musu baya ya nufi gabas, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. A littafinsa Ida'un Nusukhi ya jera malaman da ya yi karatu a gabansu da abin da ya karanta wurin kowanne, yadda mai shakka zai iya bin sawu. Tafsirinsa Diya'ut Ta'wili kuwa, bayan shekara fiye da 200, har yau ana buɗe shi ana karatu. Shi ba masanin Fiziks ba ne, amma mudun ɗaya ne: wa ya karantar da kai, me ka rubuta, wa ya amfana?

Ka wuce Boɗinga ka miƙa kudu, sai ga ka a Shagari. Babu wanda bai san Alhaji Shehu Shagari ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983 ba. Amma mutum nawa suka san cewa tun kafin siyasa, a shekarun 1940, malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato? Mun adana kujerar, mun yar da allin. Al'ummar da ke tuna muƙami ta manta da aji, kada ta yi mamaki in 'ya'yanta masu ƙwaƙwalwa sun guje wa aji sun bi layin muƙami. Malamin Fiziks na sakandaren ƙauye da ke nuna wa yara yadda wuta ke zagaya waya da batirin tocila da ɗan ƙwan fitila, ya fi kusa da Bardeen bisa ga mai digirin girmamawa bakwai da bai taɓa auna kome ba.

Aikin yi kuwa ga shi a kanmu, yana ƙona mana ƙeya. Hasken rana da ke zuba a ƙasar Sakkwato dukiya ne, farantin sola kuma a kan hulɗar haske da lantarki yake aiki, fagen da Einstein ya sami tasa kyautar ta 1921 a cikinsa. Sai dai farantin ba ya son zafi. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25, yakan yi asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin 100 na ƙarfinsa, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan zarce digiri 40 a inuwa, balle a kan rufin kwano. In hunturu ya zo ƙura ta lulluɓe shi. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, a 2004 kuma aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya. Ƙofofin a buɗe suke. Ɗalibin da zai jure ya yi shekara uku yana auna zafi da ƙura da wutar da farantin ke bayarwa a Boɗinga, ya rubuta yadda injiniya a Maraɗi ko Agadas zai maimaita ya gaskata ko ya ƙaryata, ya hau hanyar gwanaye ko da jarida ba ta taɓa buga hotonsa ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: duk wanda za mu gayyato ya yi mana lacca da sunan masani, a fara neman takardunsa kafin a buga masa fosta. Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu shiga ofis, in an kawo muku mai da'awar ya gano abin da ya gagari duniya, ku ba shi kujera da ruwan sanyi, sa'an nan ku tambaye shi a ina aka buga aikin, wa ya maimaita shi, ina kuma ɗaliban da ya yaye. In ya amsa, ku buɗe masa baitulmali. In ya shiga kawo sunayen manyan da ya gaisa da su, ku raka shi bakin ƙofa cikin mutunci. Magabata sun riga sun yanke hukuncin: ba girin-girin ba, ta yi mai.