Wane Irin Sirri Ne A Cikin Kuɗin Jama'a?

Akwai wata kalma da muka gaji da jin ta a bakin ma'aikata, ita ce "sirri".

Kwanan baya wakilanmu suka tashi daga nan Waliya suka je wani ofis a kan maganar wata rijiya da aka haƙa mana a bakin burtali, wadda ta ƙafe tun bazara ba ta kankama ba, kwamin shan ruwanta kuma ya tsage. Tambaya uku suka yi: wa aka ba kwangilar, nawa aka biya shi, kuma zurfin mita nawa aka rubuta a takarda? Sai aka ce musu wai takardun 'yan kwangila sirri ne, doka ta hana a nuna. Suka dawo hannu rabbana, shanu kuwa suna can suna lasar laka.

To, mu dai ba mu yi karatu mai zurfi ba, amma mun san yadda ake ba da kwangila. Gwamnati takan yi sanarwa, kowane mai nema ya kawo farashinsa cikin ambulan a rufe, tare da lamunin banki da shaidar ayyukan da ya taɓa yi. Ranar buɗewa ana tara masu nema, a karanta sunan kowa da kuɗin da ya yanka, kowa yana ji. Daga nan kwamiti ya shiga ɗaki ya auna. A wannan lokaci na aunawa ne doka ta ce a kama baki, domin kada wani ya bi dare ya sayi 'yan kwamiti. Haka kuma abin da mutum ya ajiye a banki da bashin da ake bin sa, ba a tallarsu. Wannan mun yarda da shi, domin ko a kara ba wanda ke laluben aljihun mai saye, dillali kuma ba ya faɗin ƙarshen kuɗin da mai sa zai sallama.

Amma fa da zarar an ce "na sallama", magana ta fito fili. Shaidu sun ji, an biya la'ada, damin ya tsaya a kan cewa dabbar ba ta sata ba ce, an yanki takarda. Shin cinikin bijimi ɗaya ya fi rijiyar miliyoyi daraja ne, da za a yi nasa da rana tsaka, a yi nata a duhu?

Ba doka aka rasa ba a ƙasar Chadi. An sabunta dokar kwangilolin gwamnati a 2015, aka sake sabunta ta a 2020, akwai kuma hukumar ARMP mai sa ido da sauraron ƙorafi. Shirin PRAPS na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2015 domin makiyayan ƙasashe shida, ciki har da tamu, ƙa'idar masu ba da kuɗinsa ita ce a bayyana wanda ya ci kwangila da kuɗin da ya ci ta. Ke nan wanda ya ce mana suna da farashi sirri ne, ya ari rigar doka ne ya rufe abin da doka ba ta ce a rufe ba. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Mu namu ba a ɓoye yake ba. An bi mu ruga ruga an ƙirga dabbobinmu, a 2018 aka sanar cewa sun kusa miliyan 94. Ana karɓar kuɗi a kanmu a karar Digel da Masaget da Durbali, in za a haye gadar Ngeli zuwa Kuseri kuma duwan na jira. Ba mu taɓa cewa yawan garkenmu sirri ne ba. Da kuɗin nan da na man fetur ake biyan 'yan kwangila. Don me mai biya zai zama shi ne baƙo a cinikin?

Mun ga abin da rashin bayani ke haifarwa. A 2014 aka aza harsashin babbar mayanka a Jarmaya, fatake suka yi murna za a daina kora shanu a ƙasa har Nijeriya. Shekaru suka yi ta wucewa muna zuba ido, zance sai na ji-ta-ji-ta a rumfunan kara. Haka nan a Oktoban 2022 da Shari da Logon suka cika suka cinye Waliya, mutane suka kwana a tantuna a Tukra, dabbobi suka rasa makwanci. Aikin jinga da ya biyo baya aikin ceton rai ne, ba mu ƙi shi ba. Sai dai duk aikin da ya bi bakin kogi ya shafi mashayarmu da mahayin shanunmu, saboda haka haƙƙinmu ne mu san abin da aka rubuta a cikinsa tun kafin a zuba ƙasa. Lokacin gaggawa kuwa shi ne lokacin da aka fi ba da aiki hannu da hannu ba tare da gasa ba, nan ne ya fi kamata a kunna fitila.

Abin da duhu ke ɓoyewa mun san shi. Mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani uku, ya yi gasa da kansa. Kamfanin da ba shi da ko shebur ya karɓi kuɗin somin aiki, ya sayar da aikin ga wani, wannan ma ya sayar, kafin a iso bakin rijiya kuɗin siminti ya ƙare.

Don haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, kowane aiki na makiyaya, rijiya ce ko kara ko shingen allurar shanu, a kafa allo a wurin da Larabci da Faransanci, mai ɗauke da sunan kamfani da kuɗi da wa'adi da awon aikin, a kuma karanta shi a rediyo da harsunanmu. Na biyu, a ba wakilin makiyaya kujera ranar buɗe ambulan. Na uku, a faɗi ainihin mai kamfanin, ba yaron da aka sa a gaba ba. Na huɗu, kada a biya cikon kuɗi sai mun zura igiya mun auna zurfi da hannunmu.

Mu ma da namu laifin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai shugabanninmu da ke dangwala yatsa a takardar karɓar aiki saboda rago ɗaya da kuɗin mota. Duk wanda ya yi haka ya sani ya sayar da ruwan garken ɗan'uwansa ne, kuma za mu kira sunansa a gaban taro.

Ɗan kwangila ya riƙe sirrin aljihunsa, mu a ba mu lissafin rijiyarmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raba mu da cinikin biri a sama. Wassalam.