A Yi Gayyar Kwamfuta A Dutse

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani al'amari ne da ya auku a gabanmu cikin zangon karatun da ya shige, wanda har yanzu in muka tuna shi sai ranmu ya ɓaci. Wata 'yar'uwarmu da ke shekarar ƙarshe ta kai filashinta wani shagon buga takardu a cikin gari don a fitar mata da babi na huɗu na kundin digirinta. Da ta komo ɗaki ta soka shi a kwamfutarta, sai ta tarar babu fayil ko ɗaya, sai waɗansu 'yan alamomi masu kibiya a gindi, waɗanda ko an danna ba sa buɗe komai. Hankalinta ya tashi, ta garzaya wurin wani mai gyara. Shi kuwa bai yi wata-wata ba ya ce ƙwayar cuta ce, maganinta fomatin, watau a share komai a sake sabon lale. Ya share, ya karɓi kuɗinsa. Aikin wata biyar ya tafi, don kuwa ba ta da kwafi a ko'ina.

Bayan kwana uku, ana zaune ana jajanta mata, sai wani yaro ɗan aji biyu ya ce ai da an tambaye shi da ba a yi wannan hasara ba. Irin wannan ƙwayar cuta, in ji shi, ɓoye fayiloli take yi, ba ta cinye su. Da an umarci na'urar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko kuwa an rubuta mata umarnin nan na layi ɗaya da ake kira attrib, da komai ya dawo kafin a gama shan shayi. Muka gwada a wani filashin da ya kamu, muka ga gaskiyarsa. Tsakanin ɗakin kwanan wannan yaro da na wannan baiwar Allah bai kai tafiyar minti goma ba. Ilimin yana nan kusa, mabukaciyarsa tana nan kusa, amma babu wata hanya da aka tanada wadda za ta haɗa su.

To, wannan hanya ita muke kira a gina. Shawararmu ita ce masu amfani da kwamfuta na Dutse da kewaye, ɗalibi da akawu da malami da mai shago, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a wuri ɗaya sananne, kowa ya zo da na'urarsa da matsalarsa da ɗan abin da ya sani. Iyayenmu a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, gama sunansa gayya. In gonar mutum ta fi ƙarfinsa sai ya yi shela, samari su taru da fartanyoyinsu, gobe kuma shi ya je ta wani. Ba a biyan ɗan gayya lada, fura kawai ake dama masa. Mu da muka yi boko, abin kunya ne a ce mun manta da dabarar da ta riƙe ƙauyukanmu shekara da shekaru.

Kada wani ya zaci wannan ƙauyanci ne. A can Amurka haka aka fara. Tun 1955 ma'aikatan da ke aiki da manyan injunan kamfanin IBM suka kafa ƙungiya mai suna SHARE, domin kowa ya ba ɗan'uwansa manhajar da ya rubuta da dabarar da ya gano. A watan Maris na 1975 kuma waɗansu masu sha'awar harhaɗa na'urori suka taru a garejin wani mutum a garin Menlo Park na Jihar Kalifoniya, taron da ya zama Homebrew Computer Club. A wannan zama ne Steve Wozniak ya riƙa nuna na'urar da ta zama Apple ta farko, har yana raba zanen yadda ya haɗa ta kyauta ga duk mai so. Ga kuma wani abin da ya kamata ya burge ɗan Jigawa: ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya yi shela cewa yana rubuta wata manhaja don nishaɗi, yana neman shawarar jama'a. Kwana biyu bayan haka, ranar 27 ga Agusta, gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama hedkwata. Ashe Linux da jiharmu sa'o'in juna ne. Ita Linux da gayya aka rene ta, ga shi yau ita ce ginshiƙin wayoyin Android da ke aljihunanmu.

Gaskiya ce Jigawa ba ta makara ba wajen shiga wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure, aka kuma kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a nan Dutse, a lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba. Daga baya Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, jami'ar jiha ta Kafin Hausa ta biyo baya a 2013, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha. Saboda haka masu sani ba su yi mana kaɗan ba. Amma gwamnati gini take iya yi, ta sayi injuna, ta ba da takardar shaida. Ba ta da ikon sa wanda ya sani ya zauna kusa da wanda bai sani ba ranar Asabar da la'asar. Wannan kam aikinmu ne, kuma mun yi sakaci da shi.

Sakacin nan yana da tsada, domin kwamfuta ta daina zama kayan ƙawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kan na'ura. Kuɗin makarantun tarayya ta Remita ake biya. Rajistar bautar ƙasa ta intanet ce, haka neman rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024. Wanda bai iya ba, dole ya miƙa wuyansa ga wanda ya iya. Sau nawa muka ga ɗalibi ya tsaya a shago an buɗe masa imel, mai shagon ne ya zaɓa masa kalmar sirri, lambar wayar mai shagon aka sa a matsayin madogara? Bayan shekara biyu, ranar da ya buƙaci shiga, sai a ce mai shagon ya tashi ya koma wani gari. Imel ɗin nan kuwa shi ne ke riƙe da rajistarsa da sakamakonsa. A ofisoshi ma abin bai sake zani ba. Matashin ma'aikaci yakan wuni bai fitar da wasiƙa ɗaya ba saboda firinta ta ƙi magana da kwamfuta, yana jiran wani gwani guda da dukan ma'aikatar ta dogara a kansa, wanda shi kuma ya tafi ɗaurin aure Gumel.

Mu daɗa da cewa ciwon na'urorinmu ciwon ƙasarmu ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Littafin da ya zo tare da kwamfuta bai san hunturun Dutse ba. Bai san yadda ƙura ke shiga ta toshe fanka, na'ura ta yi ta zafi tana mutuwa da kanta, mai ita ya zaci ta tsufa, alhali hurawa kawai take so. Bai san zafin watan Afrilu ba, bai san ɗalibinmu a kan katifa yake ɗora ta ya toshe mata hanci ba. Bai san wutar janareta mai hawa da sauka da ke ƙona caja ba, balle cajar jabu mai arha da ke kashe batir cikin 'yan watanni. Duk wanda ya shekara biyu da na'ura a garin nan ya koyi ɗaya daga cikin waɗannan darussa, kuma da kuɗinsa ya saye shi. Me zai sa na bayansa ya sake sayen darasin da aka riga aka biya?

Akwai kuma wani hadari da ya riga ya haɗu, wanda yawancinmu ba mu ɗaga kai mun duba ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10 na yau da kullum, watau ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin lokaci. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori ba sa cikawa, kuma kowa ya san akasarin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na gwanjo ne, daga Kano aka sayo su bayan sun gama aiki a Turai. Ɗalibin da da ƙyar aka haɗa masa kuɗin wannan, ina zai ga kuɗin sabuwa? Mafita tana nan: ana iya ɗora wa tsohuwar na'ura Linux Mint ko Ubuntu kyauta, da LibreOffice don rubutu da lissafi, ta ci gaba da aiki lafiya. Sai dai mutum ba ya son ya yi wannan ƙaura shi kaɗai, kuma yana da gaskiya, gama kuskure ɗaya kan share masa komai. In akwai wanda ya taɓa yi zaune a gefensa, aikin yamma ɗaya ne.

Haka batun shafukan intanet masu amfani. Muna da abokai da suka kai aji uku ba su taɓa jin African Journals Online ba, inda mujallun bincike na jami'o'in Afirka suke, da yawansu a buɗe. Waɗansu ba su san Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa tana sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kowa ya sauke ba ko sisi. Ɗaliban Hausa nawa ne suka san ƙamusun Bargery na 1934 yana kan intanet, ko suka san yadda za su sa na'urarsu ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ, su huta da bin takarda da biro suna lanƙwasa haruffa? Wanda bai san waɗannan ba shi ne ke faɗawa hannun shafukan da ke sayar da tsofaffin kundaye, ya biya kuɗi ya sayi abin da zai jawo masa kora.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ai akwai YouTube, akwai zaurukan WhatsApp, ga ma manhajojin nan masu amsa tambaya. Ba mu musa ba, mu ma muna amfana da su. Amma wanda zai tambaye su sai ya san sunan ciwon, kuma galibi da Turanci. 'Yar'uwarmu ba ta san abin da za ta rubuta ta nema ba; abin da ta sani kawai shi ne aikinta ya ɓace. Zauren WhatsApp kuwa, mun gani da idonmu, amsa mai amfani takan nutse cikin sa'a guda a ƙarƙashin gaishe-gaishen Juma'a da gardamar ƙwallo. Don haka muke ganin lalle zaman ya kasance na ido da ido, da Hausa, kuma a ajiye babban littafi mai bango mai ƙarfi, a riƙa rubuta kowace matsala da alamunta da yadda aka warware ta. 'Yan Homebrew ma 'yar takardar labarai suke bugawa bayan zamansu. Ɗalibi shekara huɗu ko biyar yake yi ya tafi, ma'aikaci a yi masa canjin wurin aiki, littafin shi ne zai zauna.

Za a kuma ce muna neman toshe wa masu gyara hanyar abinci. Ba mu ga haka ba. Allon da ya fashe da mahaɗin cajar da ya ƙone suna nan suna jiransu, kuma babu ɗan gayyar da zai taɓa su. Abin da zai ragu shi ne karɓar kuɗi a kan abin da bai kai ya kawo ba, da saurin cewa a yi fomatin. Mai gyara na ƙwarai ma riba zai ci in ya zo zaman, domin a nan jama'a za su gane hannunsa.

Tsoronmu na gaskiya yana wani wurin dabam, kuma mun fi kowa sanin halinmu. Da zarar mutum ashirin sun taru sai a ce a zaɓi shugaba da ma'aji da mai tsawatarwa, a yanka kuɗin wata, a buga riguna, a je gaishe da wani mai neman kujera. Kafin shekara an rabu gida biyu, ba a gyara linzamin kwamfuta ko ɗaya ba. Muna roƙo a bar wannan. Mutum biyu sun isa, mai riƙe mabuɗin ɗaki da mai riƙe littafi. A yi zaman da rana a ɗakin karatu, yadda 'yan'uwanmu mata za su halarta a sake, gama in aka mai da shi majalisar dare a bakin titi an kore su ke nan tun kafin a fara. Kada kowa ya karɓi kalmar sirrin kowa. Mai na'ura shi zai danna da hannunsa, ko da zai ɗauki lokaci, domin ta haka zai koya. Wanda kuma ya zo neman yadda zai leƙa wayar wani ko asusun wani, a nuna masa ƙofa tun ranar farko.

Abin da muke nema daga Ƙungiyar Ɗalibai kaɗan ne: ta nemo mana izinin ɗaki guda mai soket masu aiki, sa'a biyu kowace Asabar, ta kuma bar ƙofar a buɗe ga ma'aikatan sakatariya da ɗaliban sauran makarantun garin. Mu kuma a zaman farko ba za mu yi jawabi ba. Kowa ya zo da kwamfutarsa da filashinsa, ba kuwa wanda zai tashi sai an ga aikinsa yana ajiye a wuri uku: cikin na'ura, cikin filashi, da cikin imel ɗin da shi kaɗai ya san kalmar sirrinsa. Ita 'yar'uwar tamu ta sake rubuta kundinta daga tsofaffin takardun da malaminta ya yi wa gyara da jan biro, ta kuma ce in an samu ɗakin ita za ta sayo littafin.